Waiwaye: Zakin Aro da Gammon Baba Tsoho

Da hutun ƙaramar sallah na je gida Sakaba, na tarar da ƙanina tsugune a ƙofar gida yana goge babur ɗinsa da wani shuɗin tsumma. Har na wuce, sai idona ya faɗa kan wani zane a jikin tsumman: ƙafar zaki guda ɗaya da rabin wutsiya, sauran duk baƙin mai ya cinye. Na ce ya miƙo mini. Da na warware, sai ga lamba 14 a baya, ta tsattsage kamar ƙasar fadama da bazara. Rigar ƙwallona ce ta zamanin jami'a. Tambarin da ke ƙirjinta kuwa ni na zana shi, ko dai in faɗi gaskiya, ni na sato shi.

Lokacin nan Mikel Obi bai daɗe da komawa Chelsea ba, a 2006 ya koma, kuma duk gidan kallon ƙwallon da ka leƙa shuɗi ne ya yi rinjaye. Ƙungiyarmu ta ɗaliban ƙasar Zuru ta yanke shawarar shiga gasar da ake yi tsakanin ƙungiyoyin ɗalibai. Aka yi karo-karo, wani ɗari biyu, wani ɗari biyar, aka ce ni da ke sakatare in nemo riga da tambari. Ban shawarci kowa ba. Na shiga wani shagon kwamfuta da ke bakin ƙofar makaranta, na ce wa yaron shagon ya sauko mini da zakin Chelsea daga intanet. Ya goge sandar da zakin ke riƙe da ita, ya ɗora masa ƙwallo a hannu, ya zagaye shi da sunanmu da Turanci. Duka-duka aikin bai kai minti ashirin ba. Na biya, na kai wa mai buga riga, bayan kwana uku muka shiga fili muna ƙyalli. A zagaye na biyu aka fitar da mu, amma wannan bai dame ni ba, tunda kowa ya ce rigarmu ta fi ta kowa kyau.

Da aka yi hutu na zo da ita gida, na sa ta na tafi gaishe da Kawu. Kawu tsohon soja ne, ya yi Laberiya. A ƙasarmu wannan ba abin labari ba ne, da wuya ka ƙirga gida uku ba ka sami wanda ya sa kaki ba. Ƙasar da ta fitar da su Janar Sani Sami da Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba ke nan, ga kuma dubban kurataye da sajan-sajan da ba wanda ya rubuta sunansu a littafi. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba tukuna, ido kawai ya zuba wa ƙirjina.

"Ɗana, wanga zaki na wane ne?"

"Namu ne, Kawu. Tambarin ƙungiyarmu ne."

"Kun kashe zaki?"

Na yi dariya na ce a'a.

"Kun taɓa ganin zaki?"

Na ce na taɓa gani sau ɗaya, a gidan namun daji na Kano, yana barci.

"To, mi ya haɗa ku da shi?"

Ban sami amsa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe, ya buɗe, ya tono wani ƙulli daga ƙarƙashin takardun fanshonsa. A ciki akwai ɗan ƙyalle da bai kai tafin hannu ba, ya koɗe, gefensa ya zazzare. An saƙa masu biyu a kansa, sun gitta juna, a tsakiyarsu wani ɗan zobe. Ya ce in faɗa masa mene ne zoben. Na ce garkuwa. Ya girgiza kai. Na ce rana. Ya ce, "Kai ɗan boko, gammo ne. Gammon ɗaukar kaya."

Bajon mahaifinsa ne, wanda mu jikoki muke kira Baba Tsoho, na Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta yi yaƙi da Japan a Bama a 1944 da 1945. A wancan daji mota ba ta shiga, don haka a ka aka ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa, ana hawa duwatsu ana ratsa koguna. Da aka zo yi wa rundunar alama, sai aka sa abin da ya kai ta inda ta kai. 'Yar'uwarta, Runduna ta 81, gizo-gizo ta ɗauka, baƙi a kan rawaya, wato Anansi na tatsuniyar mutanen Gana, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Dubi sojojin da suka tsallaka teku suka yi gaba da gaba da mutuwa, ba su ga ƙasƙanci a gammo da gizo ba. Mu kuwa da aka fitar a zagaye na biyu muna yawo da zaki.

Kawu ya nannaɗe ƙyallensa ya mayar. Ya ce a soja ba ka liƙa abin da ba ka yi wahalarsa ba, in ka liƙa kuwa gadirum za ka kwana. Sannan ya amsa gaisuwata.

Kalmar da muke amfani da ita ma ta isa ta ja mana kunne. Tambari tun asali gangar sarauta ce, ba a kaɗa ta don kowa sai sarki, kuma gadonta ake yi daga sarki zuwa sarki. In ka ji amonta da dare ka san daga gidan da take fitowa. Da zamani ya zo da hatimin ofis da alamar kamfani, sai Bahaushe ya ɗauki sunan gangar nan ya ba su, domin aikinsu ɗaya ne, su faɗi ko kai wane ne kafin ka buɗe baki. 'Yan siyasar farko sun san haka sarai. NPC ta Sardauna fartanya ta ɗauka, NEPU ta Malam Aminu Kano ta ɗauki tauraro, a Jamhuriya ta Biyu kuma aka yi gida da masara na NPN da mabuɗin PRP. Tsoffin da ba su taɓa zama a aji ba har yau suna iya gaya maka wace alama suka bi, bayan sun manta sunayen 'yan takarar.

Maganar Kawu ce ta sa daga baya na shiga bin tarihin launukan ƙungiyoyin wasa na jami'o'i. Da farko zatona Turawa zama suke yi da masana, a kawo littattafai, a zaɓi launi mai zurfin ma'ana. Ashe yawancinsu a guje aka zaɓa, kuma a bakin ruwa aka fara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Kwara ranar bikin Rigata na Yawuri ya san matsalar: jirage na nesa, mutanen ciki duk iri ɗaya, ba ka san wa za ka yi wa ihu ba sai in akwai wani ƙyalle da ya bambanta su. Wannan matsalar ce ta haifi launukan jami'a a Ingila. A 1829 aka fara tseren kwale-kwale tsakanin Oksfod da Kambirij. 'Yan Oksfod suka sa shuɗi mai duhu, saboda da yawa daga cikin matuƙan 'yan kwaleji ɗaya ne mai wannan launi. A tsere na biyu, a 1836, Kambirij ta fito da shuɗi mai haske, kuma labarin da ake bayarwa shi ne ana dab da tashi aka lura jirginsu ba alama, wani ya ruga kanti ya sayo ƙyallen da ya samu. Yau kusan shekara ɗari biyu ke nan, ba wanda ya canza. A jami'o'in biyu, in aka ce ɗalibi ya sami shuɗi, ana nufin ya wakilci makarantar a babbar karawa, kuma abu ne da mutum ke tinƙaho da shi har furfura.

A Amurka ma haka aka yi. A 1858 wani matashin malami a Harvard mai suna Charles Eliot, shi da abokinsa, suka sayo jajayen hankici suka raba wa matuƙan jirginsu su ɗaura a ka, don 'yan kallo su gane su. Eliot ɗin nan ya zo ya shugabanci jami'ar shekara arba'in, daga 1869 zuwa 1909. A tsakani an yi ta jayayya kan wane irin ja ne nasu, mai duhu ko mai sirkin shunayya, har ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a a 1875, jaridarsu ta canza suna ta bi launin da ya yi nasara. Hukumar jami'ar ba ta sa hannu a kai ba sai 1910. Wato shekara hamsin da biyu launin na yawo a kan ɗalibai kafin ya shiga takardar ofis. Mu a nan daga takardar ofis muke farawa, shi ya sa abin ba ya kama jiki.

Wanda ya fi taɓa ni, a matsayina na ɗan manoma, shi ne na jihohin noma. A 1867 ɗaliban Jami'ar Mishigan suka zaɓi shuɗi da wani rawaya da suka kira da sunan masara. Filin wasansu a yau yana cin mutum sama da dubu ɗari, kuma ranar wasa duk sai ya koma kamar an shanya masara a kan dutse. Jami'ar Nebaraska kuwa da farko Maciya Ƙwari ake kiran 'yan wasanta. Wani ɗan jarida mai rubuta labarin wasanni, Cy Sherman, ya ga sunan bai yi ba, ya riƙa kiransu Masu Ɓare Masara, sunan ya zauna a 1900. Abin ya kai a 1945 majalisar jihar ta mayar da shi laƙabin jihar baki ɗaya. Ɓare masara aikin da a gidanmu ake tara yara da tsofaffi a tsakar gida su yi da dare, shi wasu suka ɗaga har ya zama kirarin jiha.

Kai, ko waɗanda na yi wa satar ma daga gida suka ɗauko nasu. Igwar da ke ƙirjin Arsenal ta samo asali ne daga ma'aikatan masana'antar makamai da suka kafa ƙungiyar a 1886. Zakin Chelsea kuwa daga tambarin hukumar unguwarsu ta Landan aka ciro shi a 1953. Ashe ni ɗan Sakaba na yi shekara biyu ina yawo da hatimin wata ƙaramar hukuma ta Landan a ƙirji, ina ganin na waye.

To mu dawo gida. Wasannin jami'o'in Nijeriya, waɗanda aka fi sani da NUGA, a Ibadan aka fara su a 1966, lokacin jami'o'in ƙasar biyar ne kacal: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da Zariya. Arewa duka ɗaya gare ta, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962. Launinta kore ne da fari, tsanwa in ji mu mutanen yamma, kuma a tsakiyar tambarinta sunan jami'ar ne da rubutun Larabci. Wannan tambari yana cikin 'yan kaɗan da suka yi abin da nake magana a kai. Ba a yi ta sauya shi ba, don haka ya tara nauyi. Ka gan shi liƙe a gilashin mota a Fatakwal, mai motar da kai baƙi ne ga juna, amma kafin a cika muku tanki kun gano wa ya zauna a harabar Samaru wa ya zauna a ta Kongo. Wani abin lura, tsangayar noma da ta likitancin dabbobi ta jami'ar da taimakon malaman Jami'ar Jihar Kansas aka gina su a shekarun 1960, su kuwa mutanen Kansas shunayya suke sawa tun 1896. An karɓi iliminsu, ba a shafe Samaru da shunayya ba. Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, ita kuma shuɗi ta riƙe, da jinjirin wata da tauraro. Ko da gangan ne ko dace ne, shuɗi ya hau da birnin da marinar Ƙofar Mata take.

Sai dai tambarin jami'a daban, na 'yan wasanta daban. Na farko don takardar digiri da ƙofar shiga aka yi shi, cike da rubutu, daga nesa ba ka karanta shi. Na biyu kuwa so ake yaro ya iya zana shi da gawayi a bango. A nan ne muka daɗe ba mu da komai. Sai a 2018, da aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu mai suna HiFL, ƙungiyoyin jami'o'i suka fito fili da laƙabi. Na Zariya suka zama ABU Nobles, wato masu daraja. Na Bayero BUK Stallions, ingarmu. Na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda mu 'yan Kebbi muka fi tururuwa cikinta tun tana Jami'ar Sakkwato kafin a sauya mata suna a 1988, suka zama UDUS Sultans. Na Maiduguri Desert Warriors, mayaƙan hamada, kuma su suka ci kofin a 2021. Ba laifi, an yi tunani. Doki ya dace da garin hawan daushe, sarauta ta dace da birnin Shehu.

Abin da ke damuna shi ne duk da Turanci aka raɗa, kuma ba ɗaya a ciki da mai shayin bakin ƙofar jami'a zai iya ɗaga murya ya kira da daɗin baki. Kwatanta da Kano Pillars. Sunan takarda Turanci ne, amma ba wanda ke shiga filin Sani Abacha yana kiran ginshiƙai. Sai Masu Gida ake cewa, kuma in rawaya da koren nan suka fito daga ɗakin sauya kaya, mai kayan miya da farfesa baki ɗaya suke faɗa. Ƙungiyar jami'a da ba ta da irin wannan kira a harshen garin da take, 'yan kallonta ba za su wuce ɗaliban da ba su da lacca a ranar ba.

Kofin farko na gasar, na 2018, Jami'ar Noma ta Makurɗi ce ta ɗauka, kuma sunan 'yan wasanta Tillers, manoma ke nan. Na ji daɗin wannan fiye da kima. Ga zakuna da damisoshi da ƙattai a gasar, manoma suka tafi da kofi.

Amma satar zaki rabin laifinmu ne kawai, kuma shi ne ƙaramin rabin. Da a ce mun riƙe shuɗin nan, ko da na aro ne, da yanzu ya fara zama namu, don launi ba ya zuwa da ma'ana daga kanti, sai an daɗe ana zufa a cikinsa. Ba mu riƙe ba. Shekarar da na gama, wani mai neman kujera ya aiko wa ƙungiyar da jajayen riguna, da hotonsa a gaba da sunansa a baya inda lamba ya kamata ta zauna. Aka karɓa da tafi. Bayan zaɓe ya faɗi, rigunan suka zama abin kunya, aka koma gwanjo aka tsinto fararen riguna na wata ƙungiyar Sifen. Daga nan wani ɗan kasuwa ya ba da masu ratsi. Cikin shekara shida ƙungiya ɗaya ta sa launi biyar. Kwanaki muka haɗu a wajen wani ɗaurin aure, mu tsoffin 'yan ƙungiyar na zamani daban-daban, hira ta kai ga ƙwallo, kowa ya shiga ba da labarin rigarsu. Sai muka tarar ba mutum uku da suka sa iri ɗaya. Hirar ta mutu a nan, kowa ya koma kan farantinsa.

Wannan ciwo bai tsaya a jami'a ba. Je ka filin makarantar firamare a Dirin Daji ko Makuku da yamma, inda yara ke buga ƙwallo duk da halin tsaron da ya tarwatsa ƙauyuka da dama a ƙasarmu. Za ka ga ƙungiya ɗaya mutum goma sha ɗaya da rigunan ƙungiyoyi bakwai na Turai. In alƙalin wasa ya rasa yadda zai yi, sai ya ce gefe ɗaya su tuɓe. Talauci na ciki, ban musa ba. Amma muna firamare mun fi su talauci, kuma ranar gasar gidaje kowa ya san gidansa. Farar singileti iyayenmu ke jefawa a tukunyar galura, ta fito ja ko tsanwa, wani wuri ya kama wani wuri bai kama ba, in aka yi zufa launin ya sauko har ciki. Har yau in na haɗu da wanda muka yi jan gida tare, abin da muke fara tunawa ke nan.

Masu kuɗin Turai ma sun gwada irin abin da ɗan siyasar nan ya yi mana. A 2012 attajirin Malesiya da ya sayi ƙungiyar Cardiff, Vincent Tan, ya sauya mata riga daga shuɗi zuwa ja, ya ture tsuntsun da ke tambarinta ya sa dodo. Ya zuba kuɗi, ƙungiyar har ta hau babbar gasar Ingila. Magoya baya suka ƙi. Suka riƙa zuwa fili da tsoffin shuɗɗan rigunansu, suna zanga-zanga, har a watan Janairun 2015 ya sauko aka koma shuɗi. Su suna da abin da za su koma gare shi, shekara ɗari suna sa shi. Ba cewa nake ba a taɓa sauyawa ba. Ƙungiyar ƙwallon Nijeriya ja take sawa a zamanin Turawa, ana kiranta Red Devils. Bayan 'yancin kai ta koma kore da fari na tutar da Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, ta zama Green Eagles, da wannan suna ta ci kofin Afirka a Legas a 1980, a 1988 ta koma Super Eagles amma launin bai motsa ba. Sau ɗaya aka sauya shi, da dalilin da kowa ya gane.

Abin da ya sa nake tono wannan tsohon zance shi ne yanzu jami'a ta zo mana har gida. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Noma a Zuru, inda tsohuwar kwalejin noma take. Yaran Sakaba da Fakai da Danko-Wasagu da a da sai sun tafi Sakkwato ko Aliero ko Birnin Kebbi, ga ta a kusa. Jaririya ce, kuma ɗaliban da ke cikinta yanzu suna tsaye daidai inda Eliot ya tsaya da hankicinsa. Abin da suka ɗaura a ka a 'yan shekarun nan, in sun riƙe shi, shi jikokinsu za su tarar. In kuma kowane sakatare zai ruga shagon kwamfuta kamar yadda na yi, to bayan shekara hamsin ma tsumman goge babur za a tarar.

Ba sai sun je nesa neman launi ba. Harshenmu kansa daga gona da daji ya ɗebo sunayen launukansa. Ɗorawa garin cikin 'ya'yan itacen ɗorawa ne, makuba daga ɓawonsu take, rawaya saiwar wani tsiro ce da ake rini da ita, ruwan goro kuwa ba sai an faɗa ba. Ni da za a tambaye ni, karan dafi zan nuna. Wata irin dawa ce da ba don hatsinta ake shuka ta ba, don jan kuben da ke naɗe da karanta ne. Dukawa su daka shi, su jiƙa da ruwan toka, su shafe fatar akuya da shi ta fito ja jawur. Irin wannan fata ce ta ƙasar Sakkwato fatake suka riƙa ratsa Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, don daga can take isa gare su. Jami'ar noma a ƙasar dawa, da ja wanda daga dawa aka same shi: in baƙo ya tambayi ɗan wasa mi ya haɗa ku da shi, yana da amsar da zai yi minti biyar yana bayarwa.

Zanen ma haka. Ƙasar da saurayi ke yin golmo, ya yi shekaru yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata, ba ta rasa abin da za ta ce game da juriya ba, kuma garma ta fi zaki faɗin wannan. Ga kokawar da ake yi a lokacin bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona. Sai dai a nan akwai wurin taka-tsantsan. Masarautar Zuru ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Akwai Lelna da muka fi sani da Dakarkari, akwai Fakkawa, a wajenmu Sakaba ga Kambari da Dukkawa da Fulani da Hausawa, ga masallaci ga coci. In aka ɗauki abin da wasu ke girmamawa a al'adarsu aka mayar da shi abin tsalle-tsalle a bakin fili, rigima za a saya. Jami'ar Stanford ta Amurka ta yi shekaru tana amfani da hoton Ba'indiyen ƙasar, ɗan asalin wurin, a matsayin alamar 'yan wasanta, sai da ɗalibai 'yan ƙabilun suka yi ƙorafi aka cire a 1972. Zangarniyar dawa da garma kuwa ba wanda zai ce ba nasa ba ne, tunda kowa da su ya ci tuwo. Sannan a bar wa 'yan kallo su samo kiran da kansu, da Hausa ko da C'lela na Lelna, duk wanda ya fi daɗin ihu.

Na miƙa wa ƙanina tsummansa. Ya ce, "Yaya, in kana so ka ɗauka, amma ka sayo mini wani, wannan yana shan mai sosai." Na ce ya ci gaba da aikinsa.

Da la'asar na tafi gidan Kawu. Ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma adakar na nan ƙarƙashin gado. Na roƙe shi ya sake nuna mini bajon Baba Tsoho. Ya sa jikarsa ta jawo adakar, ya lalubo ƙullin da kansa, ya shimfiɗa ƙyallen a gwiwarsa. Zare ɗaya na mashin hagu ya warware, gammon kuwa yana nan daram. Na ciro waya na ce zan ɗauki hotonsa. Ya ɗan yi shiru, yana shafa gefen ƙyallen da babban yatsa.

"Ɗauka, ɗana," in ji shi. "Amma kada in ji ka kai shi shagon kwamfuta sun sa mai ƙwallo."